Zafin Hannun Inna Ƙarama

Da za a tara kawunan da Inna Ƙarama ta riƙe a tsakanin gwiwoyinta, na tabbata za su cika filin ƙwallo har wasu su rasa wurin tsayawa. Ta yi wa amare kitso, ta yi wa 'yan makaranta, ta yi wa tsofaffin da gashin nasu bai fi a kama da farce ba. Kai ɗaya ne ta ƙi taɓawa, kuma shi ne ya fi kowane kusa da ita, don a cinyarta ya girma. Kaina nake nufi.

Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta rene ni tun ina 'yar mitsitsiya, kuma ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai 'Yar Yaya. Shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran firiji da mai sayar da fenti, shi ya sa kullum muke cikin ƙarar guduma ta dama da warin fenti ta hagu. A ciki akwai dogon madubi mai tsagewa a kusurwa, da fankar da ke girgiza kai kamar ana yi mata faɗa, da kwanon wankin kai, da kujerarta ta katako da ta lotsa daidai da zamanta. A gefen ƙafarta gwangwani ne cike da mataji da kibiya, wato siririn ƙarfen nan da ake tsaga gashi da shi, a kuma tsefe shi da shi. Aikina a shagon wankin kai da tsifa. Ita ta ɗaura, ni in warware.

Matan unguwa Zafin Hannu suke ce mata, kuma ba sharri suka yi mata ba. Idan ta kama gashin gaban goshi, sai kin ga girarki ta ɗaga sama kamar wadda aka ba labarin mamaki. Kika motsa, za ta ƙwanƙwashe ki da bayan yatsa a tsakar ka, ta ce, "Zauna daidai." Ba ta duba ko ke matar wane ce. Mata su fita suna rantsuwar ba za su sake dawowa ba, wata na zagayowa ka gan su a kan benci suna jiran layi, domin kitsonta ba ya tashi, tsagarta kuwa kamar an ɗora ma'auni an ja.

Sana'ar gado ce. Kakata mai kitso ce, mahaifiyata mai kitso ce, kuma a gidan masu kitso ciwon kai ba baƙo ba ne. Kusan duk macen da ta dafe kai a gabanmu, kitso ne ya ɗaure ta. A zaunar da ita, a tsefe, a shafa mai a fatar kan, kafin ta sha ruwa ta ware. Saboda haka a gidanmu maganin ciwon kai guda ɗaya ne tal. Wasu gidajen ƙwaya suke nema, mu kibiya muke ɗauka. Yana kuma yi mana aiki, shi ya sa babu wanda ya taɓa tunanin akwai ciwon kan da ya fi ƙarfin tsifa.

Kaka ce ta fara. Ban riske ta ba, labari na ji. Da safe Inna Ƙarama, lokacin tana budurwa, ta yi mata kitso. Da rana tsohuwar ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, sai ta dafe ƙeya ta ce wani abu ya sare ta a kai. 'Ya'yanta biyu suka zaunar da ita suka kama tsifa, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna yi wa ƙaramar tsiya cewa hannunta ya yi yawa. Ba su kai tsakiyar kan ba wuyanta ya saki.

Aka ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Shekaru suka wuce, aka haife ni, na fara wayo. Ranar da abin ya sami Ummata ina nan, kuma abin da na riƙe kaɗan ne: tana shanya, ta saki zanen da ke hannunta, ta ce hasken rana na sukar idonta, ta yi amai a bakin rariya. Na tuna Inna Ƙarama a durƙushe a bayanta, kibiya a hannunta, tana tsefe kitson da ita da kanta ta yi mata kwana biyu kafin nan, tana cewa, "Yaya, yi haƙuri, saura kaɗan." Da aka ga tsifa ta ƙare ciwon bai sauka ba, aka nemo mota. A hanya ta cika.

Mutane ba su da dama. Ba wanda ya faɗa a gabanta, amma maganar ta zaga: uwa da 'yar'uwa, duk a ƙarƙashin hannu ɗaya. Su masu faɗar ba su ma yarda da ita ba, don ba su fasa kawo kawunansu ba. Wadda ta yarda ita ce Inna Ƙarama. Ta lissafa a ranta cewa hannunta ba ya cutar da bare, jininta kawai yake ci, ta kuma yanke wa kanta hukunci ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Ba za ta sake taɓa kan wani nata ba. Nata gashin kuma, tun da Yayarta ce mai yi mata kitso kuma ba ta nan, ta sa almakashi ta datse shi, ta ɗaura ɗankwali. Daga ranar duk sanda ya ɗan taso sai ta sake datsewa.

Haka na tashi a gidan mai kitson da ta fi kowa a unguwa, ana kai ni tsallaken titi wajen wata mai hannu kamar dafaffiyar taliya. In na dawo, Inna ta tsaya nesa da ni, ta harɗe hannuwa a baya, ta leƙa kan ta taɓe baki.

"Wannan tsaga ce ko sawun maciji? Koma ki ce mata ta gyara na bayan kunne."

Ta yi mini komai. Ta goya ni, ta ciyar da ni, ta yi rigima da malamai a kaina, ta kwana a zaune duk lokacin da na yi rashin lafiya. Amma in tana yi mini wanka, da an zo kai sai ta miƙo mini sabulun. In zazzaɓi ya kama ni, wuyana take taɓawa, ba goshi ba. Na yi fushi da ita ba sau ɗaya ba. Ina kallon yaran mutane suna shan ƙwanƙwasa a hannunta suna hawaye, ni kuwa ina jin haushinsu kamar sun ƙwace mini abinci. Da na zama budurwa na taɓa ce mata, "Inna, in ba kya sona ne ki faɗa mini." Ta dube ni ta cikin madubi, ta ci gaba da kitsonta, ta ce wa matar da ke gabanta ta zauna daidai, alhali baiwar Allah ko numfashi mai ƙarfi ba ta yi ba. A bakin masu jiran layi na tsinci dalilin daga baya, a guntu-guntu.

Ta haura hamsin da ƙarfinta. Tana da hawan jini, an kuma ba ta magani, amma tana shansa ne ranar da ta ga dama, wai ita ta san jikinta. In na yi magana ta ce na cika surutu kamar fankar shagon.

Ranar da abin ya zo, hantsi ne, shago babu cika. Wata malamar makaranta ce a gabanta, tsohuwar mai zuwa wurinmu, an gama mata rabin kai. Mataji ya faɗi, Inna ta sunkuya za ta ɗauka. Ba ta ɗago daidai ba. Ta dafe ƙeya da hannu biyu, ta waiwaya bayanta inda babu kowa sai bango.

"Wa ya doke ni?"

Kafin in amsa ta zamo daga kujera. Ta runtse ido ta ce a kashe fitila, alhali babu fitilar da ke kunne, hasken ƙofa ne. Sai amai. Na so in ɗago kanta, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa.

Ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi. Na zari kibiya daga gwangwani, na durƙusa a bayanta daidai yadda na ga ta durƙusa a bayan Ummata, na fizge ɗankwalin. Sai ga kai fes, gashi gajere mai furfura, ko tsawon gaɓar yatsa bai kai ba. Babu kitso ko ɗaya. Na tsaya da kibiya a sama kamar wadda ta manta sunanta. Duk ilimin gidanmu a kan ciwon kai ya ƙare a wurin, domin babu abin da zan tsefe.

Malama ce ta katse ni. "Me kike jira? Asibiti."

Mai Firiji ya bar gudumarsa ya juyo da tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Muka kwantar da ita a baya, kusa da firijin wani bawan Allah da bai samu sauke shi ba. Malama ta haye tare da mu, rabin kanta a kitse, rabin a tsaye kamar an tsorata shi, ta tallafe kan Inna a cinyarta har muka isa. Daga asibitin farko, suna jin yadda ciwon ya fara, suka tura mu babba.

Likitar da ta karɓe ta a can gajeruwar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Bayan an ɗauki hoton kan, ta kira ni wani ɗan ofis, ta tambaye ni ko wani a gidanmu ya taɓa yin irin wannan. Na ce mahaifiyarta. Ta rubuta. Na ce da yayarta, wato mahaifiyata. Ta ajiye biron ta dube ni sosai, irin kallon da na ga tela na yi wa yadi kafin ya yanka.

Sannan ta juyo mini da allon kwamfuta. Shekara da shekaru ina wanke kawuna, na san kowane tudu da kwari na ƙoƙon kan mutum, amma ban taɓa tunanin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Jijiyoyin jini ne farare a kan baƙi, manya suna haihuwar ƙanana, ƙanana suna haihuwar waɗanda suka fi gashi siranta, kowace ta san hanyarta, babu wadda ta hau kan wata a banza. A ƙasan ƙwaƙwalwar sun haɗu sun yi zobe. Na ce a raina, ashe mu a waje muke wasa, Mai kitson gaskiya ya riga ya gama nasa a ciki. Na manta a inda nake har sai da ta ɗora bakin biro a wani wuri.

A inda wata jijiya ta rabu biyu akwai ɗan kumburi, bai kai ƙwayar wake ba.

"Kin san yadda tsohon tiyon ruwa ke kumbura a inda ya yi laushi?" in ji ta. "Haka wannan yake. Bangon jijiyar ne ya yi rauni, jini na ta dukansa shekara da shekaru. Yau ya tsage, jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa. Yanzu ya ɗan toshe da kansa, amma yana iya sake ɓallewa, kuma na biyun ya fi na farko muni. Shi ya sa muke sauri."

Na tambaye ta daga ina irin wannan ciwo yake zuwa. Ta ce ba daga ko'ina ba, a cikin mutane yake zaune. A cikin manya ɗari, kamar biyu ko uku suna yawo da irin wannan kumburin ba su sani ba, kuma mafi yawansu za su tsufa su mutu da wani abin daban, nasu bai taɓa motsi ba. Waɗanda nasu ke fashewa ba su cika kaiwa goma ba a cikin mutum dubu ɗari a shekara. Ya fi samun mata, ya fi zuwa a tsakiyar shekaru, hawan jini da shan taba suna ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma gidajen da yake bi, daga uwa zuwa 'ya, daga 'yar'uwa zuwa 'yar'uwa.

"Wasu ko ƙofar asibiti ba sa kawowa," ta ce. "Kun yi sa'a kun taho kai tsaye."

Ban gaya mata cewa ba wayonmu ba ne. Da akwai kitso a kan nan, da har yanzu ina durƙushe ina tsifa.

Da na fito na zauna a baranda ina kallon mutane, na kasa daina lissafin da ta sa mini a kai. Ga masu jinya da kwanukan abinci, ga mai shara, ga masu gadi, ga Mai Firiji yana waya yana ba wanda aka taho da firijinsa haƙuri. Na ce, a cikin waɗannan akwai mai ɗauke da nasa, yana dariya. Na tuna bencin shagonmu da duk matan da suka taɓa zama a kai. Kawuna nawa na cuɗa da sabulu, abin na kwance a ƙarƙashin yatsuna, tsakanina da shi ƙashi kawai? Tsoro ya kama ni, amma mamaki ya fi tsoron yawa, cewa duk muna tafe da abu mai laushi haka a cikin kai, kuma yawancinmu muna kaiwa tsufa.

Ba su fasa kan Inna ba. Ta jijiyar cinya suka zura wata siririyar waya, suka bi da ita har cikin kai, suka cusa wani lallausan zaren ƙarfe a cikin kumburin har ya cika, jini ya daina shiga. Da aka bayyana mini sai da na sa aka maimaita. A shiga ta cinya a gyara kai, ban san ɗan Adam ya kai nan ba.

Ta daɗe a ɗakin da ba a barin kowa ya zauna. Akwai ranakun da ta san ni, akwai waɗanda ta kira ni Yaya. Likita ta ce jijiyoyin kan tsuke bayan irin wannan zubar jini, sai an yi ta sa ido. Ranar da na san ta dawo, wata ma'aikaciyar jinya ce ta sunkuya tana gyara mata ruwan da ake ƙara mata. Inna ta bi kan yarinyar da kallo, ta ce da muryar da ba ta fi ta sauro ba, "Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Sannan ta juyo gare ni ta tambaya ko an ƙarasa wa Malama kanta.

Ta tashi, amma ba duka ba. Hannun hagu ya yi nauyi, tana saurin gajiya, hayaniya na damunta. Kafin a sallame mu na roƙi likita ta gaya mata da bakinta cewa kitso ba ya kawo wannan ciwo. Likitar ta zauna a bakin gado ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce duk ƙarfin jan gashi a fata yake tsayawa, akwai ƙashi tsakaninsa da jijiyar, ta ce abin da ya ɗauki mahaifiyarta da yayarta, bisa dukkan alamu, shi ne ya zo mata.

"Na ji, likita. Allah ya saka da alheri," in ji Inna.

Na san wannan muryar. Da ita take amsa wa mai cewa a sassauta mata hannu. Imanin da ta yi shekara kusan talatin tana ɗauke da shi ba zai sauka don wata mai tabarau ta yi magana ba. A mota ta ce mini, "Nawa daban, nasu daban. Ni hawan jini ne."

Likitar ba ta gama da mu ba. Ta ce mutum uku a gida ɗaya ba abin da za a kau da kai ba ne, tana so a duba nawa kan. Na yi ta ja da baya, don lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ban cika yi ba. Maigidana ne ya kafe sai na je. Aka tura ni cikin na'urar nan mai kama da bututu, tana ta ƙara kamar shagon Mai Firiji.

Ranar karɓar sakamako Inna ta ce sai ta bi ni. Muka zauna a ɗan ofis ɗin nan, aka juyo allon. Na ga nawa zanen, na kuma ga bakin biron yana tafiya, yana tafiya, ya tsaya a gefen dama. Ga shi nan, ɗan ƙarami, lafiyayye, bai fashe ba. Likita ta ce da a wani gida ne, wataƙila a sa masa ido kawai. Amma da siffarsa da tarihin gidanmu, shawararta a rufe shi tun yana barci. Nawa bakinsa faɗi gare shi, waya ba za ta yi ba, sai an buɗe an maƙale wuyansa da ɗan ƙarfe.

Ni na ƙura wa bakin biron ido. Inna kuwa ta miƙe da sandarta, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta daɗe tana kallo.

"Likita, wannan kan nata ne?"

"Nata ne, Inna."

"Ban taɓa taɓa shi ba." Ta juyo ta dube ni, ta sake duban hoton. "Tun tana 'yar wannan. Ko man shafawa ban taɓa sa mata ba."

"Na sani," in ji likitar a hankali. "Ya zo duk da haka."

Inna ta koma ta zauna. Ta ɗora hannuwanta a cinya ta buɗe tafukan tana kallonsu, kamar an dawo mata da kayan da aka sace tun tana yarinya, ta rasa inda za ta ajiye. Na zaci za ta yi murna. Abin da ta tambaya shi ne, "To da ba mu tsaya tsifa ba, da Yaya ta rayu?"

Likitar ba ta yi mata ƙarya ba, shi ya sa har gobe nake ganin girmanta. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, domin akwai wanda ko a cikin asibiti abin ya same shi ba a iya riƙe shi. Ta ce abin da ta sani shi ne wannan da ke zaune, ta nuna ni, an gan shi da wuri, kuma an gan shi ne saboda waɗancan biyun da ita Inna.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta sake tayar da zancen ba, sai dai nakan juyo in kama ta tana kallon kaina.

Tun da ni ce ke ba da labarin, an san aikin ya yi kyau. Ɗan ƙarfen na nan a ciki, Inna na ce masa abin maƙale gashina na ciki, tana kuma shan maganinta kullum, don yanzu tare muke gwada jini, ba ta da bakin yi mini gardama. Duk macen da ta dafe kai a shagonmu ta ce ciwo ya sauko mata farat ɗaya, irin wanda ba ta taɓa ji ba, ba mai ɗaukar kibiya. Mai Firiji ake kira. Amma ba aikin ba ne abin da na fi tunawa, safiyar aikin ce.

Likita ta shigo da alƙalami mai shuɗin tawada, ta ja layi a kaina, daga gaban kunnen dama ya lanƙwasa sama zuwa goshi, a cikin gashi. Ta ce iya nan za a aske, sauran a kitse shi ya kauce daga hanya. Ma'aikaciyar jinya ta ce bari ta nemo mataji. Maigidana na ta zarya a baranda. Inna na zaune a kujerar roba a kusurwa, jakarta a cinya.

"Bar shi," ta ce.

Ta buɗe jakar ta fito da kibiya. Ashe da ita ta taho daga gida. Ta ja kujerar zuwa bakin gado, ta nuna ƙasa da haɓa, yadda take yi wa kowa. Ma'aikaciyar ta buɗe baki za ta ce ba a zama a ƙasa a nan, ta dubi fuskar Inna, ta je ta kawo matashi.

Na zauna a tsakanin gwiwoyinta, da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, mace mai shekara talatin da ɗoriya. Na ji numfashinta a ƙeyata. Sannan tafin hannunta ya sauka a tsakar kaina, ya zauna, da ɗuminsa da nauyinsa. Ta bar shi a wurin.

Bakin kibiya ya bi shuɗin layin nan daga kunne zuwa goshi, bai kauce ba. Ta raba gashin, na dama ta kwantar baya, na hagu ta tattara. Hannun hagun ba ya riƙo kamar da, sai ta riƙa danne silin da babban yatsa, na daman yana yin aikin biyu. Na yi zaton ciwo ya cinye zafin hannun. Ta kama gashin gaban goshina, na ji girata ta tashi sama, hawaye ya cika mini ido.

"Inna, da zafi."

Na ɗan karkata kai don in ga fuskarta. Bayan yatsanta ya sauka a tsakar kaina, ƙwas.

"Zauna daidai, 'Yar Yaya," ta ce.

Na zauna daidai.